Kafin ka sayi tsohon littafin wasan 'yar tsana na Japan

Idan ka shiga unguwar Jimbocho a Tokiyo, inda shagunan tsofaffin littattafai suke jere, kana neman littafin wasan Bunraku (wato wasan 'yar tsana na gargajiyar Japan, inda mutum uku ke motsa 'yar tsana ɗaya, wani kuma yana rera labarin), iri biyu za ka fi cin karo da su. Dukkansu bugun katako ne: a sassaƙa rubutun a baibai a kan allon icen ceri, a shafa tawada, a ɗora takarda a goge da hannu.

Na farko shi ake kira maruhon, wato wasa sukutum, galibi layi bakwai a shafi. Ya fi tsada. Kada ma ka sa rai da bugun farko na Sonezaki Shinju, wasan marubuci Chikamatsu Monzaemon da aka fara nunawa a dandalin Takemoto-za na Osaka a 1703. Irin waɗannan sun daɗe da shigewa ɗakunan karatu.

Na biyu keikobon ne, ɓangare guda na wasa, layi biyar da manyan haruffa, wanda aka buga don masu koyon rera labarin a gida. Yana da araha, kuma ni shi na fi so. Sau da yawa za ka tarar mai shi na da ya bi layukan da jar tawada, yana sa wa kansa alama. Wasu na ganin wannan lahani ne, ni kuwa don shi zan ƙara kuɗi.

Inda ake yin kitso da ƙwarƙwata shi ne shekarar da ke shafin ƙarshe. Ba lallai ta zama shekarar da aka buga kwafin da ke hannunka ba, domin allo ɗaya kan yi shekaru da dama ana bugu da shi. Ka duba haruffan da kyau: idan bakinsu ya dakushe ko layi ya tsinke, allon ya tsufa kafin a buga. Sai ka ɗaga shafi wajen haske ka ga ɓarnar ƙwari. Zaren ɗinki in sabo ne ba komai, an saba sauya shi.

Mai neman hoton mutum uku riƙe da 'yar tsana ɗaya kuwa, waɗannan ba nasa ba ne. Kusan rubutu ne zalla, mai sarƙaƙiya, wanda yawancin Japanawan yau ma ba sa iya karantawa.