Allon taɓawa a ajin firamare, abin da na gani da idona

'Yan uwa malamai da ke ta tambayata kan allon nan da anka saka muna a makaranta, ga amsa a taƙaice, yana da amfani sosai amma sai in akwai sola, in babu kar ma ku wahalar da mai makaranta. Ni aji uku nake koyarwa a wata makarantar kuɗi nan cikin garin Sakkwato kuma namu irin na majigi ne, wato kwamfuta ta aika hoto majigi ya haska bisa allo, kai kuma ka taɓa da yatsa ko da alƙalaminsa. Mutane duk smart board suke ce mai, asali sunan na wani kamfanin Kanada ne SMART Technologies da ya fito da nashi tun 1991, yanzu kam kamfanoni da yawa na yi.

Inda ya fi burge ni lissafi. Fraction ya daɗe yana ba yaran ga wahala, da alli sai in zana da'ira in raba, kafin in gama rabin aji sun tafi hira. Yanzu hoton masa nake sawa, in kira yarinya ta raba ta gida huɗu da yatsanta ta ja ɗaya gefe, in ce to nawa kika ɗauka nawa ya rage. Akwai wata da ko sunanta ka kira sai ta sunkuyar da kai, ranan nan ita ta ɗaga hannu ta fito, tana jan yankin masar yana bin yatsanta sai ta juyo ta ce "Malama saura ukku cikin huɗu", wallahi har raina na ji daɗi. Haka taswira, na buɗe ta jihar mu da ƙananan hukumomi 23, kowa ya zo ya nuna garin kakanninsa, wannan Wurno wannan Tambuwal wannan Illela bakin iyaka da Nijar, har munka bi gulbin Rima zuwa dam ɗin Goronyo. Kuma abin da ka rubuta yau kana iya ajiye shi gobe ka buɗe ka ci gaba, babu sake kwafa.

To amma fa matsalolin ba ƙanana ba ne. Na farko wuta, tana ɗaukewa allo ya zama farin bango kawai, kafin a tada janareto kwamfuta ta sake tashi lokacin darasi ya ci rabi, shi ya sa ban yarda anka cire tsohon baƙin allo ba, yana nan gefe da allinsa. Sai zafi, kun san Afrilu a Sakkwato ana wuce digiri 40, majigi na ɗaukar zafi ya kashe kansa tsakiyar bayani, kuma don hoto ya fito sai an rufe taga, yara na ta zufa. Lokacin hunturu kuma ƙura ce ke toshe matatar iskar majigin, dole a riƙa cirewa ana kakkaɓewa, sannan in an ɗan bugi majigin sai ka taɓa nan rubutu ya fito can, sai ka tsaya ka sake saita shi kana danna ɗigo-ɗigon nan ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne yawan yara. Mutum ɗaya ko biyu ke taɓawa, sauran na kallo, in malami bai yi hankali ba abin ya koma kallon talabijin. Ni dai nakan ce kowa ya yi nashi cikin littafi tukuna, sannan in zaɓi mai fitowa. Shirin darasi ma ya ƙaru, da dare nake haɗa hotuna in zuba a filas don data ba kullum ba.

Wanda zai saya ya nemi sabon samfuri mai kama da babbar talabijin, inci 65 ko 75, ba ya buƙatar majigi kuma ana gani ko taga na buɗe, ya fi tsada dai. Ku kuma tambayi mai saidawa wa zai gyara in ya lalace, don namu da alƙalamin ya daina aiki sai da anka aika Kano.