Tub na roba, tub na butil, ko tubles? Amsa kan tayar Cessna ɗin Alhaji

Assalamu alaikum. Alhaji, tambayarka dai ita ce Cessna 172 ɗin, ƙaramin jirgin saman da kuke ajiyewa a nan Abuja, duk sati sai a tarar iskar tayoyinta ta ragu alhali ba ƙusa ba huji, wani ya ce ku canza tub ɗin zuwa na butil, wato robar haɗi, wani kuma ya ce ku rabu da tub baki ɗaya ku koma tubles irin na mota, to wanne ya fi. Ni dai shawarata ku sa tub na butil sabo fil, maganar tubles ku ajiye ta tukuna, amma bari in faɗi dalili.

Kafin komai ka sani raguwar iskar nan ba lallai matsala ba ce. Masu ƙera taya irin su Goodyear da Michelin sun rubuta cewa tayar jirgi tana iya rasa har kashi 5 cikin 100 na iskarta a awa 24 kuma ba za a ce ta lalace ba. Tayar 172 ƙarama ce, lambar girmanta 6.00-6 a baya 5.00-5 a gaba, iskar cikinta ba yawa, saboda haka ɗan abin da ya fita sai ya nuna a geji. Idan taya tana kan 30 psi, wato ma'aunin ƙarfin iskar da geji ke nunawa, kashi 5 ɗin nan psi ɗaya da rabi ne a rana, ka ga kuwa sati guda ba a duba ba ai dole a ga bambanci.

Tub na asalin roba, wato ta bishiya, iska tana ratsa jikinsa a hankali ko babu huji, halinsa ke nan. Inda ya yi fice shi ne sanyi mai tsanani, ba ya saurin sandarewa, shi ya sa aka daɗe ana amfani da shi a wurare irin su Alaska da Kanada. To mu ina ruwanmu da wannan sanyin, ko hunturun Jos bai kama ƙafarsa ba. Shi kuwa butil robar haɗi ce, tana riƙe iska sosai fiye da waccan, irin su Airstop na Michelin da Leakguard duk butil ne. Kuɗinsa ya ɗan ɗara amma ba wani abin tada hankali ba, kuma ba ka canza komai a jirgin ba, wili ɗinka na nan taya na nan, tub kawai aka sauya, muddin lambarsa da irin lanƙwasar bawul ɗinsa sun dace da abin da littafin kayan jirgin ya ce.

Tubles kuma wani zance ne daban, don ba taya kaɗai za ka saya ba. Wilin ƙananan jiragen nan rabi biyu ne ake haɗawa da noti, wanda aka yi don tub ba shi da zoben roba a tsakiya da zai hana iska fita ta mahaɗar, kuma bawul ɗin a jikin tub yake ba a jikin wili ba. Ke nan sai ka sayi sabon wili, sau da yawa har da birkinsa, irin na kamfanin Beringer na Faransa, da takardar amincewa ta STC ga ainihin samfurin jirginka, sannan injiniya mai lasisin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ya yi aikin ya sa hannu a littafi. Kayan nan kuwa da kuɗin waje ake biya. Ban ce ba shi da kyau ba fa, yana da kyau ƙwarai, ba tub da zai matse ko ya naɗe, ba gogayya tsakanin tub da taya mai kawo zafi, ya fi rashin nauyi, kuma ƙaramin huji a hankali yake sacewa ba kamar tub da zai iya zubewa lokaci guda ba. Amma ɗan karce a bakin wili ko zoben da ya tsufa ya isa ya sa shi yoyo, kuma in ya sace maka a wani ƙaramin fili da ba kayan aiki, zaunar da bakin tayar ya kama iska aiki ne, zoben ma sai ka jira an aiko daga waje. Mai tub kuwa sifiya ɗaya a bayan kujera ta wadatar, in dai akwai injiniya kusa.

Abin da ya fi damuna ma ba zaɓin ba ne, yadda ake sa tub ɗin ne, don na sha ganin tub mai tsada ya mutu a hannun mai sawa. Sabuwar taya sabon tub, ba ciniki a nan. Tsohon tub ya riga ya miƙe ya yi girma, in ka cusa shi a sabuwar taya sai ya ninke, wurin ninkin nan ne zai tsage wata rana. In ka ciro irinsa za ka ga layi siriri mai sheƙi kamar an goge shi da dutsen guga. A barbaɗa hodar taya a ciki don tub ya samu zamewa ya zauna daidai, a saita jan ɗigon da ke gefen taya da bawul, ko da ratsin balas, wato na daidaita nauyi, da ke jikin tub ɗin in yana da shi, a ɗan ba shi iska kaɗan ya yi siffa kafin a haɗa rabin wili biyu don kar ƙarfe ya cije shi, a ɗaure noti da ma'aunin ƙarfin da littafi ya ce, a cika a sace a sake cikawa. Sai a bar ta awa 12 saboda sabuwar taya tana buɗewa iska ta sauka, a ƙara mata. Kuma don Allah kar kowa ya taɓa notin wili sai ya sace iska tas ya cire ƙwayar bawul, wili mai iska in ya rabu yana iya kisa. Faci kuwa a bar wa babur, tub ɗin jirgi in ya huje canzawa ake yi.

Dalilin da ya sa nake nanata geji, tayar tub in iska ta yi ƙasa tana iya zamewa a kan wili lokacin sauka ko taka birki, ta ja tub ɗin ta tsinke bawul daga gindi, nan take taya ta kwanta kana tsakiyar titin jirgi. Shi ya sa ake ja ɗan layin fenti daga taya zuwa wili, in ka ga layin ya rabu biyu ka san ta motsa. Ga kuma damina, gudun da taya ke fara sulɓi a kan ruwa ya danganta da iskarta, mai 36 psi wajen not 54, not shi ne ma'aunin gudun jirgi, mai 25 psi tun daga not 45, kuma gudun da 172 ke taɓa ƙasa da shi bai yi nisa da nan ba. Wannan butil ko tubles duk ba su cece ka ba in ba ka auna ba.

Tunda kuna yawan zuwa Jos, ka tuna duk digiri 3 na sanyi yana rage kusan kashi 1 na iska, ka auna da rana ana 28 ka dawo da asuba ana 10 ka ga kashi 6 ya tafi, ba yoyo ba ne. Filin Yakubu Gowon da ke Heipang kuma ya haura ƙafa 4,000, iskar sama ba ta da kauri, jirgi yana taɓa ƙasa da gudu fiye da na Abuja ko da agogon gudu ya nuna abu ɗaya, to a sassauta birki kar a ci taya waje guda har zare ya fito. Cika taya da iskar naitirojin in an samu madalla, amma dokar da ta tilasta shi ta manyan jirage ce.

Abin da zan so injiniyanku ya yi wannan satin, ya auna tayoyin da sanyinsu, aƙalla awa 3 bayan sauka, ya cika daidai lambar da ke littafin jirginku don ta bambanta daga samfuri zuwa samfuri, ya rubuta, gobe war haka ya sake aunawa da geji ɗaya. In ragin bai wuce kashi 5 ba halin roba ne, ku yi odar butil hankali kwance. In ya wuce, a shafa ruwan sabulu a bakin bawul tukuna don sau da yawa ƙwayar ce ta saki, in ba kumfa a nan to a sauke wilin a duba tub kafin jirgin ya sake tashi. Allah ya tsare mana hanya.