Tashar jirgin ƙasa ta Dent, a arewacin Ingila

Gaskiya tashar nan ta burge ni sosai, ƴar ƙarama ce amma duk tashoshin manyan layukan Ingila babu wadda ta kai ta tudu, kusan mita 350 sama da teku, tana kan layin Settle zuwa Carlisle. Kamfanin Midland Railway ne ya buɗe ta a 1877, aka rufe ta a 1970, sai 1986 aka dawo da ita, kuma wallahi sun kyauta don da an yi asarar wuri.

Jiragen kamfanin Northern masu zirga-zirga tsakanin Leeds da Carlisle ne ke tsayawa, ba su da yawa a rana, in ɗaya ya wuce ka to sai haƙuri, ka duba lokaci tun daga gida. Babu ma'aikaci ko ɗaya, tsohon ginin ma yanzu masaukin baƙi ne ake haya.

Abin da zan ja kunnenku a kai, sunan ƙauyen Dent kawai tashar ta ɗauka, tsakaninsu ya kai mil 4 kuma hanyar hawa ce mai wuya, ga iska ga sanyi, mai kaya ko tsoho ya nemi mota tukuna. Amma kallon kwarin Dentdale daga can sama ya isa a je dominsa.