DJI Mini 4 Pro a duwatsun Sarawat: jirgi mai kyau, amma lambar tsayinsa tana buƙatar lissafi

Duk lokacin da zafi ya tsananta a Makka da Jidda, mutanenmu sukan haura Ɗa'ifa ranar Juma'a ko Asabar, masu hali kuma su zarce Baha da Abha, kuma a 'yan shekarun nan an fara ganin ƙananan jiragen ɗaukar hoto marasa matuƙi a cikin kayan matasa. Wanda ake yawan tambayata a kansa shi ne DJI Mini 4 Pro, wanda ya fito a watan Satumba na 2023, kuma tambayar ba ta wuce ko zai iya aiki a kan dutse ba. Amsata ita ce zai iya, har ma ya burge, da sharaɗin mai shi ya gane cewa lambar tsayin da yake gani a fuskar rimot da tsayin da doka take magana a kai abubuwa biyu ne daban, kuma babu inda bambancinsu yake fitowa fili kamar bakin gangaren Sarawat, jerin duwatsun yammacin Saudiyya da waɗannan garuruwan shan iska suke a kansu.

Jirgin bai kai giram 249 ba, idan an naɗe shi yana shiga ƙaramar jaka, kuma kamfanin ya rubuta cewa batirinsa na asali yana kai minti 34 a sama. Yana da idanun gano cikas ta gaba da baya da gefe da sama da ƙasa, abin da 'yan uwansa na baya masu irin nauyinsa ba su cika da shi ba. Farashinsa a Amurka lokacin fitowarsa dala 759 ne da rimot ɗin da ake maƙala wa waya, dala 959 kuma da rimot mai allonsa, wato RC 2, wanda ya kama wajen riyal 2,850 da riyal 3,600 kafin haraji da ribar ɗan kasuwa. Ni dai na fi son RC 2, domin waya takan yi zafi ta dushe haskenta a cikin rana, alhali matuƙin da ke bakin kwazazzabo yana buƙatar ganin kowace lamba sarai.

Kafin a yi maganar tashi, sai an yi maganar izini. Hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Saudiyya, GACA, ita ke da iko a kan waɗannan jirage, kuma ta shafinta na intanet ake rajista da neman tasrihi, wato takardar izini. Ƙa'idar da ta shafe mu kai tsaye ita ce kada jirgi ya wuce ƙafa 400, kimanin mita 120, daga ƙasar da ke ƙarƙashinsa, kuma ya kasance matuƙi yana ganinsa da idonsa. Sararin Harami biyu da Masha'ir, wato Mina da Muzdalifa da Arfa, ba wurin gwaji ba ne ko kaɗan, haka kewayen filayen jirgin sama da sansanonin soja, kuma akwai irin waɗannan a Hawiyya kusa da Ɗa'ifa da kuma Khamis Mushait kusa da Abha. Ina jin wasu suna cewa tunda jirgin bai kai giram 250 ba babu ruwan doka da shi. Wannan kuskure ne mai tsada, domin ƙarancin nauyi bai buɗe wa kowa sararin da aka haramta ba. Baƙin da ke zuwa Umara daga Kano ko Yamai su ma su sani cewa jami'an kwastan suna iya riƙe jirgin da aka shigo da shi babu takarda.

Yanzu ga asalin matsalar. Jirgin yana auna tsayinsa ne da ma'aunin nauyin iska da ke cikinsa, kuma yana ɗaukar wurin da ya tashi a matsayin sifili. A filin Tihama da ke tsakanin duwatsun da Bahar Maliya, inda ƙasa take shimfiɗe, wannan lissafi daidai yake, idan allo ya ce mita 100 to mita 100 ne. A Hada kuwa, kusa da Ɗa'ifa, inda mutum yake tsaye a kan kusan mita 2,000 daga teku, dutse yana yankewa ne ya gangara zuwa Kar da ke gindinsa, fiye da mita 1,000 a ƙasa. Matuƙi zai ɗaga jirginsa mita 30, ya tura shi gaba ya wuce bakin dutsen, allo yana nan yana nuna masa 30, alhali tsakanin jirgin da ƙasa an sami ɗaruruwan mitoci cikin 'yan daƙiƙoƙi. Manhajar DJI Fly, wadda ake sarrafa jirgin da ita, ba za ta yi masa gargaɗi ba, domin a lissafinta bai kusanci 120 ba. A lissafin doka kuwa ya riga ya shiga sararin da aka bar wa jirage masu ɗaukar mutane, kuma jiragen ceto masu saukar ungulu ta cikin irin waɗannan kwaruruka suke bi. Wannan ne ya sa nake ɗaukar maganar da nauyi, domin a nan ran wasu ne ake magana a kai, ba hoto kawai ba.

Idan aka juya lamarin, wanda ya tashi daga gindin dutse, misali daga wajen Rijal Alma'a da ke Asir, yankin da Abha take, ko ƙauyen Zi Ain da ke ƙarƙashin Baha, yana fuskantar akasin haka. Yana bin gangare yana hawa, tsakaninsa da duwatsun bai fi mita 40 ba, amma da zarar ya kai mita 120 sama da inda ya tashi sai jirgin ya tsaya cak ya ƙi ƙara hawa, ga kuma dutse yana ci gaba da tashi a gabansa. Manhajar tana barin a ɗaga wannan iyaka har zuwa mita 500, kuma a irin wannan hali ɗagawar ba ta saɓa wa ƙa'idar mita 120 ba matuƙar jirgin yana manne da gangaren. Haɗarin yana zuwa ne a dawowa. Wanda ya hau mita 300 a jikin dutse, sa'an nan ya juyo kai tsaye zuwa inda yake tsaye ba tare da ya sauko a hankali yana bin gangaren ba, zai tsinci jirginsa mita 300 cur a saman kwari. Akwai kuma mantuwa, domin saitin yana nan yadda aka bar shi har zuwa tashi na gaba a wani wuri daban.

Wannan shi ne babban gibin da nake gani a jirgin. Idanunsa na ƙasa ba sa auna abin da ya wuce kimanin mita 12, saboda haka babu lambar da ke gaya wa matuƙi ainihin tazararsa da ƙasa idan ya yi nisa da ita. Gibin ba na wannan samfuri kaɗai ba ne, haka akasarin jiragen sha'awa suke, amma wanda zai sayi jirgi domin dutse ya cancanci a gaya masa tun kafin ya biya kuɗi. Maganinsa lissafi ne a gida. Ana buɗe Google Earth a kwamfuta, a duba tsayin wurin da za a tsaya, a ja layin hanyar da ake son bi, a karanta tsayin ƙasa a kowane sashe nata. Idan wurin tashi mita 2,000 ne, kuma inda ake son zuwa ƙasarsa mita 1,850 ce, to mafi tsayin da aka halatta a can shi ne 1,970, wato dole allo ya nuna mita 30 ƙasa da sifili. Wanda ya rubuta irin waɗannan lambobi uku ko huɗu a takarda ya manna a bayan rimot ya fi wanda ya dogara da ido, domin ido ba ya iya kimanta zurfi daga sama. Tsarin shirya hanya tun kafin tashi da jirgin yake da shi yana taimakawa, sai dai shi ma daga wurin tashi yake ƙirga tsayin kowane zango. A kuma sauke taswira a rimot tun ana da intanet, domin RC 2 ba ya ɗaukar layin waya.

Sai maganar iska, wadda take raguwa kauri yayin da ake hawa. A mita 2,000 kaurinta yana raguwa da kusan kashi 18 cikin ɗari idan aka kwatanta da bakin teku, a mita 3,000 kuma, wato tsayin ƙololuwar Suda a Asir, ragin ya kai wajen kashi 26. Farfela sai ta ƙara gudu kafin ta ɗauki nauyin da take ɗauka a Jidda, batir kuma ya fi saurin ƙarewa, don haka minti 34 ɗin nan, wanda dama an auna shi ne a inda babu iska, kada a sa shi cikin lissafin dutse. Kamfanin ya ƙayyade cewa da batirin asali jirgin yana iya tashi daga wurin da ya kai mita 4,000, amma da babban batirin da ake kira Plus, mai minti 45, iyakar ta sauko zuwa mita 3,000. A Hada da Shafa, waɗanda ke kewayen Ɗa'ifa, babban batirin yana da amfani, a Suda kuwa ya zo daidai bakin iyakarsa, ga shi kuma yana ɗaga nauyin jirgin sama da giram 249. Shawarata ga mai zuwa Asir ita ce ya riƙe batiran asali guda uku maimakon manya biyu. Kada kuma a bar su cikin motar da aka ajiye a rana a Tihama, domin zafin digiri 40 ne iyakar da aka rubuta wa jirgin.

Ƙarfin jure guguwa da aka ba shi mita 10.7 ne a daƙiƙa, kuma a nan ne rashin nauyinsa, wanda shi ne abin alfaharinsa, yake zama rauninsa. Iskar da ke tasowa daga Bahar Maliya tana buga gangaren ne bayan hantsi, ta matse a bakin dutse ta ƙara ƙarfi, ta bayan ƙololuwa kuma ta riƙa murɗawa tana danna abu ƙasa. Mutum yana tsaye a inuwar itatuwan ar'ar yana jin lumfashi kawai, jirginsa kuwa mita 50 a gaba yana kokawa. Gudunsa a yanayin da aka saba mita 12 ne a daƙiƙa, 16 a yanayin Sport, wato na gudu, saboda haka idan iskar da ke gabansa ta kai 10, abin da ya rage masa na dawowa kaɗan ne ƙwarai. Ya kamata a fita ana fuskantar iska domin ta turo jirgin gida a dawowa. Ita wannan iska ce kuma take hauro da hazo, wanda a Baha da Suda yana iya rufe kwari cikin 'yan mintoci, musamman da la'asar a watannin Yuli da Agusta. Jirgin ba a yi shi don ruwa ba, kuma idanunsa ba sa aiki daidai a hazo. Lokacin da na fi yarda da shi shi ne daga fitowar rana zuwa hantsi.

Tsarin komawa gida da kansa yana aiki da kyau, amma a dutse sai an yi masa tunani. Tsayin komawar shi ma daga wurin tashi ake ƙirga shi, don haka idan akwai tudu tsakanin matuƙi da jirgi wanda ya fi wannan tsayi, an bar komai a hannun idanun jirgin. Sigina kuma, duk da kilomitocin da aka rubuta a kwali, ba ya ratsa dutse, da jirgi ya faɗa bayan wani ƙaton falali hoto zai yanke. A duba saiti a tabbatar cewa abin da zai yi idan sigina ya ɓace shi ne komowa, domin zaɓin sauka nan take a saman kwazazzabo asarar jirgi ce. Wanda ya gangara da shi ƙasa da sifili ya tuna cewa saukar ba ta cin batir kamar hawan, kuma hawan ba ya wuce mita 5 a daƙiƙa. A ganina duk wanda ke ƙasa da bakin dutse ya juyo tun batir yana rabi. Idanun gano cikas suna ganin bango da itace mai ganye, amma wayoyin lantarki da igiyoyin talfirik na Hada, wato motocin da ke hawa dutse a rataye, da busassun rassa sukan kuɓuce musu, a yanayin Sport kuma a kashe suke gaba ɗaya. Gaggafa da hankaka suna bibiyar ƙaramin abu mai shawagi, birai kuma a Hada ba sa barin jakar da aka ajiye a ƙasa.

Kyamarar ba ta buƙatar dogon bayani, tana da kyau fiye da girmanta. Tana ɗaukar 4K a hoto 60 cikin daƙiƙa, tana juyawa tsaye domin bidiyon waya, kuma tana riƙe launin dutse da inuwar kwari a hoto guda ba tare da ɗaya ya cinye ɗaya ba. Ƙofar haskenta a kafe take a f/1.7, saboda haka gilashin rage haske na ND wajibi ne a ranar ƙasar nan. Ba ta da gilashin jawo nesa na gaskiya, wanda hakan kan sa matuƙi kwaɗayin matsawa kusa, kuma a nan ya kamata a yi hattara da gidajen mutane da iyalan da suka shimfiɗa darduma suna shan iska. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya da tarar da za ta iya kai riyal 500,000 ga mai keta sirrin mutane da kyamara, mutanen Asir kuma, da suka ga hare-haren da aka kai wa filin jirgin Abha a 2019 da 2021, suna da hujjar ɗaga kai idan suka ji ƙara a sama.

Ga wanda yawonsa Ɗa'ifa ne da Baha, yana fita da sassafe, yana da takardunsa kuma yana shirye ya yi lissafin tsayi kafin ya bar gida, Mini 4 Pro ya cancanci kuɗinsa, kuma ina ba da shawarar a saye shi da RC 2 da ƙarin batira. Wanda kuwa Suda da manyan gangaren Asir ne burinsa, gara ya ƙara kuɗi ya ɗauki Air 3, wani jirgin DJI mai nauyin giram 720, wanda yake jure iskar mita 12 a daƙiƙa, yake tashi daga wurin da ya kai mita 6,000, kuma yake da kyamara ta biyu mai jawo nesa ninki uku, wadda take ba shi damar ɗauko ƙauyen da ke jikin dutse ba tare da ya ƙetare bakin gangare ba. Shi ma dai daga wurin tashi yake ƙirga tsayinsa, don haka takardar lissafin nan tana tare da mai shi, kuma nauyinsa ya sa rajistarsa a GACA ta zama abin da za a fara yi tun kafin a caja batirin farko.