WordPress ga ofishin masu ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa: inda ya yi da inda ya gaza

Ga ƙaramin ofishin da ke ganin masu fama da damuwa, rikicin aure ko shaye-shaye, WordPress ya isa a gina shafin da zai kawo mutane. Da shi nake aiki, kuma shi nake ba da shawarar a ɗauka, amma da sharaɗi guda: sai akwai wanda zai riƙa leƙa shi akalla sau ɗaya a mako. In babu wannan mutumin, gara a haƙura.

Wanda nake nufi shi ne na WordPress.org, manhajar kyauta da ta fito tun 2003, wadda mutum ke ɗorawa a masaukin da ya kama haya, wato wurin ajiye shafi a intanet. Kuɗin da za a kashe biyu ne: na adireshin shafi da na masauki, kuma duka ana sabunta su duk shekara. Adireshi mai ƙarewa da .ng ko .com.ng yana ƙarƙashin NiRA, ƙungiyar da ke kula da adiresoshin intanet na Najeriya, ana sayensa da naira a wajen dillalan da ta amince da su. Wix da Squarespace, wasu dandalolin gina shafi, sun fi sauƙin hannu, wannan ba gardama, sai dai da dala ake biyansu, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 ba ƙaramin ofishin da zai iya cewa ga abin da zai biya baɗi. Ƙari a kan haka, shafin da aka gina a Wix ba a ɗauke shi a kai wani masauki. In za a tashi sai an sake gini. Na WordPress kuwa ana kwashe shi gaba ɗaya.

Tun a nan ake yin kuskuren da ya fi kowanne tsada. A yi rajistar adireshin da sunan ofishin da imel ɗin ofishin, ba da na wanda ya gina shafin ba. Ranar da aka saɓa da shi, ko ya canza lamba, adireshin da aka buga a kati da allon ƙofa ya tafi da shi.

Kafin a zaɓi komai, a tuna wa zai buɗe shafin. Galibi mutum ne shi kaɗai da waya, sau da yawa cikin dare, datarsa kaɗan, kuma yana tsoron kada wani ya ga abin da yake dubawa. Duk wani zaɓi da na yi a WordPress daga nan yake fitowa.

Na farko nauyi. Yawancin fasalin shafi da ake tallatawa da sunan na asibiti cike suke da hotuna masu zamewa da bidiyo mai kunna kansa. A kwamfutar mai gini suna da kyau, a waya kuwa mutum ya gaji ya rufe. Astra, GeneratePress ko Kadence na kyauta sun wadatar. Hoton da aka ɗauka da waya kan kai megabayit 3 zuwa 5. A rage faɗinsa zuwa fiksel 1200, a mai da shi WebP, wato nau'in hoto marar nauyi, ya dawo ƙasa da kilobayit 200. Sannan a auna saurin shafin a PageSpeed Insights na Google, a duba sakamakon waya. Ma'aunin Google shi ne babban abin da ke saman shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5.

Shafuka biyar sun isa: na farko, su wane ne mu, abin da muke yi, kuɗi da lokaci, sai yadda za a same mu. Wahalar tana wajen rubutun, kuma nan WordPress ba ya taimaka wa kowa. Masana kan buɗe da jerin digirori da sunayen hanyoyin jinya, alhali wanda ya zo tambayarsa daban ce: za a ce na haukace? Wa zai ji? Nawa ne? Abin da ya kamata ya fara gani kamar haka ne: "In barci ya ƙaurace maka, ko tunani ya hana ka aiki, ko zaman gida ya yi tsami, za mu zauna mu saurare ka. Abin da ka faɗa a nan yake tsayawa. Zama ɗaya minti 50 ne." Ƙarƙashinsa maɓalli guda, ba uku ba. Takardun shaida su koma shafi na biyu, da hoton mai ba da shawarar na gaskiya da na ɗakin da ake zama, domin hoton baƙuwar fuska da aka sauko da shi daga intanet kowa na gane shi.

Akwai tambayoyin da mutanenmu ke jin nauyin yi a waya, don haka a amsa su a rubuce. Akwai mace mai ganin mata? Miji ko uwa za su iya rakowa, kuma za su shiga ɗakin ko za su jira a waje? Ana ba da magani, ko magana ce kawai? Wannan ta ƙarshen tana da muhimmanci, domin mutane da yawa ba su bambance masanin halayyar ɗan Adam da likitan ƙwaƙwalwa mai rubuta magani. Kuɗin ma a rubuta shi ɓaro-ɓaro. Ɓoye shi ba ya jawo kowa. Mai ƙaramin ƙarfi zai ɗauka ya fi ƙarfinsa ya juya. A ƙasan kowane shafi kuma a sa layi guda da ke cewa nan ba wurin taimakon gaggawa ba ne: wanda ke tunanin cutar da kansa ya kira 112 ko a kai shi asibiti mafi kusa, a ambaci na yankin da suna, kamar asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, na Dawanau a Kano, na Kware a Sakkwato ko na Maiduguri.

Wani abu da masu gini kan manta shi ne haruffa masu ƙugiya. Salon rubutu da yawa ba su da ɓ, ɗ da ƙ, sai waya ta aro su daga wani salon, harafin ya fito ƙato ko siriri a tsakiyar kalma, wani lokaci ma akwati. A gwada da "ɓacin rai, ɗimuwa, ƙunci" a rubutu mai kauri da marar kauri kafin a tsai da salo. Noto Sans yana da su duka. A adireshin kowane shafi kuwa kada a sa ƙugiya, don in an tura a WhatsApp kada ya zama dogon tarkacen alamomi. In za a yi Hausa da Turanci, Polylang na kyauta yana yin aikin, amma mutum ne zai rubuta kowane ɓangare. Fassarar na'ura a kan maganar kashe kai ko fyaɗe ganganci ne.

Yanzu ga inda na fi damuwa, wato fom ɗin tuntuɓa. Kusan kowane fasali yana zuwa da babban akwati mai cewa a bayyana matsala. A cire shi. Mutumin da ya daɗe yana haɗiye abu, in ya samu wurin rubutu zai zazzage komai, kuma wannan rubutun zai bi ta masauki, ya sauka a imel, wataƙila a wayar sakatare, ya kuma zauna a rumbun shafin inda mai gini ke iya karantawa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma riƙon sirri shi ne jarin wannan sana'a. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ma ta sa bayanin lafiya cikin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman. Gurbi huɗu sun isa: sunan da kake so a kira ka da shi, lambar waya, lokacin da ya dace a kira, da ko an yarda a turo saƙo. Na ƙarshen saboda wayar da ake amfani da ita tare da miji ko 'ya'ya.

Fom ɗin yana da wata matsala ta fasaha da ke cinye mutane shiru. WordPress yana tura imel ta hanyar da masu karɓa irin su Gmail ba su cika yarda da ita ba, sai saƙon ya faɗa jakar shara ko ya ɓace. Contact Form 7, manhajar fom da aka saba ƙara wa WordPress, kuma ba ya ajiye kwafi da kansa. Wato mutum ya yi ta maza ya rubuto, shafi ya ce an aika, ofis bai ga komai ba, shi kuma ya ɗauka an share shi. Maganin shi ne a sa WP Mail SMTP, a haɗa shi da imel ɗin ofis, a cika bayanan SPF da DKIM, masu shaida cewa imel ɗin daga ofishin ya fito, a wajen dillalin adireshi, sannan duk wata a tura saƙon gwaji.

Haka nan alamar bibiya ta Facebook da masu talla ke cewa a saka. Kada a saka. Aikinta ta shaida wa kamfanin cewa wannan wayar ta buɗe shafin shaye-shaye ko na rikicin aure, daga nan talla ta riƙa bin mai wayar a gaban iyalinsa. Ba ƙaramin abu ba ne: a 2023 hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta sa BetterHelp, kamfanin ba da shawara ta intanet, biyan dala miliyan 7.8 kan miƙa bayanan masu neman shawara ga kamfanoni irin su Facebook da Snapchat don talla. In ana son sanin kalmomin da ke kawo mutane, Google Search Console ya wadatar.

A aikace, yawancin mutane maɓallin WhatsApp za su danna. Mahaɗin wa.me/ ne, sai 234, sai lambar ba tare da sifilin farko ba. Saƙon da zai fito a shirye ya zama marar tona asiri, kamar "Salam, ina son sanin lokacin ganawa." Lambar ta ofis ce a WhatsApp Business, da saƙon da ke faɗin lokacin da ake amsawa, kuma a kunna kulle kwafin ajiyar hira, domin ba a kunne yake zuwa ba. Don tsai da lokaci, Calendly na kyauta yana ba da nau'in ganawa guda, wanda ya ishi mai aiki shi kaɗai. Paystack yana ba da mahaɗin biya ba sai an gina kanti ba. A biyan cikin gida yana cire kashi 1.5 cikin ɗari da naira 100, kuma abin da yake cirewa ba ya wuce naira 2,000.

Shafi shi kaɗai ba ya kawo kowa. Abin da ke sa a gan shi ga mai nema a gari shi ne Google Business Profile, kyauta ne, da suna, adireshi da lamba iri ɗaya sak da na shafin. Sai dai kada a roƙi waɗanda ake gani su rubuta yabo. Ƙa'idar ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta hana neman irin wannan shaida daga wanda ake kan dubawa, kuma dalilin a fili yake: ba zai iya cewa a'a ba. Ko wani ya rubuta don kansa, amsar da ke nuna an san shi tona asiri ce. Likita mai rajista da MDCN, majalisar likitoci ta Najeriya, kuma ya duba ƙa'idojin majalisar kan talla kafin ya rubuta komai.

Inda WordPress ya gaza shi ne kulawa. Yawancin kutse ta ƙananan manhajojin da ake ƙara masa yake shigowa, musamman waɗanda aka daina sabuntawa da na sata da ake rabawa kyauta. Araha ba ta ado; irin waɗannan sukan zo da ƙofar ɓarawo a ciki, wata rana a wayi gari shafin ofis yana tura mutane wurin caca. A tsaya a kan manhajoji 6 zuwa 8, a goge wanda ba a amfani da shi, kada sunan shiga ya zama admin, a sa tabbaci mai mataki biyu. UpdraftPlus ya riƙa ɗaukar kwafi duk mako zuwa wani wuri da ba masaukin ba, a kuma ɗauki kwafi kafin kowane sabuntawa. Takardar tsaro ta Let's Encrypt kyauta ce, tana ƙarewa bayan kwana 90. Yawancin masaukai suna sabunta ta da kansu, amma in abin ya tsaya, waya za ta nuna gargaɗin cewa shafin ba amintacce ba ne, kuma mai neman sirri ba zai wuce wannan gargaɗin ba.

Ofishin da ke da mutum biyu ko uku da wanda zai ba shafin minti 30 a mako ya ɗauki WordPress. Mai aiki shi kaɗai da ba shi da mai taimako ya fara da Google Business Profile da lambar WhatsApp ta ofis, ya sayi adireshin da sunansa ya ajiye, ya gina shafin ranar da ya samu mai kula da shi.