Sharhi kan manhajar Juggling Lab ga mai koyon salo masu wuya da ƙwallaye uku

Wanda ya iya jefa ƙwallaye uku yana cafewa a salon farko, wato salon giciye da kowace ƙwallo ke tashi daga hannu ɗaya ta faɗa ɗayan, yakan kai wani matsayi inda hannunsa ya zauna amma idonsa bai ƙware ba. Zai kalli gwani yana wani salo mai ban sha'awa, ya maimaita kallon sau da dama, amma ya kasa gane wace ƙwallo aka fara jefawa, wane hannu ya jefa ta, da kuma inda ta sauka. Domin irin wannan mutumin nake ganin manhajar Juggling Lab, wadda Jack Boyce ya ƙirƙira kuma ake samunta kyauta a kwamfuta, ta cancanci a yi mata sharhi. Aikinta shi ne ka rubuta mata salo da lambobi, ita kuma ta nuna maka wani ɗan mutum-mutumi yana yin sa ba tare da gajiya ko faduwar ƙwallo ba. Hukuncina a kanta ya kasu biyu: a fagen lokacin jifa da tsayinsa ban ga abin da ya kama ƙafarta ba, amma a fagen motsin hannuwa, inda kyawun yawancin salon ƙwallaye uku yake, taimakonta yana da iyaka.

Ba za a amfana da manhajar ba sai an fahimci rubutun lambobin da take aiki da shi, wanda ake kira siteswap. Mutane daban-daban ne suka gano wannan tsari a shekarun 1980 ba tare da sun haɗa kai ba, daga cikinsu akwai Paul Klimek, da Bruce Tiemann da Bengt Magnusson a Amurka, da kuma Colin Wright da abokansa a Kambirij ta Ingila. Ana ɗauka cewa hannuwa biyu suna jifa bi da bi, dama sannan hagu, a kan bugu mai daidaito, kuma kowace lamba tana faɗin bugu nawa za su wuce kafin a sake jefa ƙwallon da aka jefa yanzu. Lambar da ba ta rabuwa biyu, kamar 3 ko 5, tana ƙetarawa zuwa ɗaya hannun, ita kuwa mai rabuwa biyu, kamar 4, tana tashi ta dawo hannun da ya jefa ta. Lamba 2 yawanci riƙewa ce kawai, 1 miƙawa ce kai tsaye daga hannu zuwa hannu, 0 kuma hannu ne da ba komai a cikinsa. Idan aka tara lambobin salo aka raba da yawansu, abin da ya fito shi ne adadin ƙwallayen da ake bukata. Saboda haka 441, da 531, da 423 duk na ƙwallaye uku ne, tun da kowannensu ya tashi 9 a jifa uku, salon giciyen da kowa ke farawa da shi kuma sunansa 3 kawai.

Ribar farko da mai koyo zai samu ita ce manhajar ba ta karɓar salon da ba ya yiwuwa. Idan ka rubuta 432, lissafin zai nuna ƙwallaye uku, amma za ta ƙi nuna shi, domin ƙwallon da aka jefa a matsayin 4 da wadda aka bi ta da ita a matsayin 3 za su sauka a hannu ɗaya a bugu ɗaya. Sake jera lambobin zuwa 423, nan take mutum-mutumin ya fara aiki. Wannan ƙin amincewa yana koyar da abu mai yawa cikin ɗan lokaci, domin mutum yana fara jin dalilin da ya sa wasu jere ke tafiya wasu kuma ke karo.

Inda na fi jin daɗin aiki da ita shi ne salon 531, kuma zan ɗan tsaya a kansa domin shi ne ya fi nuna ƙarfinta. A ido, 531 yana kama da hargitsi: ƙwallo ɗaya ta yi sama sosai, ɗaya ta tsaya a tsakiya, ɗaya kuma ta wuce ta ƙasa kamar walƙiya. Amma idan ka rage gudun hoton, ka sa kowace ƙwallo ta ɗauki launinta, sai tsarin ya fito fili. Hannun dama ya jefa 5, hagu ya jefa 3 a ƙarƙashinta, dama ya miƙa 1 zuwa hagu, kuma ƙwallayen suna isa hannu ne a kishiyar jerin da aka jefa su: wadda aka miƙa ita ce ta farko, sai ta tsakiya, sai mai tsayi a ƙarshe. Za ka kuma lura cewa ƙwallo ɗaya ba ta taɓa yin komai sai 3, tana kai da komowa kamar ba abin da ya canza, yayin da sauran biyun ke musayar 5 da 1. Wanda ya ga wannan ya san inda zai sa hankalinsa. Abu na biyu da hoton ke nunawa ba tare da sassauci ba shi ne tsayi. Tsayin jifa yana ƙaruwa ne da lokacin da ƙwallo ta yi a sama idan aka ninka shi da kansa, don haka 5 ba ɗan ɗara 3 take yi ba, tana ninka ta kimanin sau huɗu ko fiye, gwargwadon daɗewar da ƙwallo ke yi a hannu kafin a sake ta. Yawancin masu koyo suna jefa 5 ɗinsu gajere kuma 3 ɗinsu dogo, sai ƙwallayen biyu su sauko kusan tare, hannu ya rikice. Ganin tazarar da ke tsakaninsu a allo yana gyara wannan fiye da dogon bayani.

Haka abin yake da 441, wanda nake ganin shi ya kamata a fara da shi kafin 531. Jifa biyu ne a tsaye, ɗaya a dama ɗaya a hagu, sai miƙawa, kuma da yake lambobinsa uku ne, zagaye na gaba yana farawa daga ɗaya hannun, don haka hannuwa biyu suna yin aiki iri ɗaya. A nan launuka suna nuna akasin abin da aka gani a 531, domin duk ƙwallayen uku hanya ɗaya suke bi. Wahalarsa tana cikin miƙawar, wadda dole ta kasance a kwance kuma da sauri, ba ƙaramin jifa mai lanƙwasa ba, in ba haka ba hannun da ya karɓa zai makara.

Akwai sashe biyu da mai koyo bai kamata ya tsallake ba. Ɗaya yana samar da salo: ka faɗi yawan ƙwallaye, da jifa mafi tsayi da za ka iya, da tsawon zagaye, sai ya jero maka duk abin da ke yiwuwa. Jerin yana saurin yin yawa, kuma manhajar ba ta gaya maka wanne ne mai kyan gani ko wanne ne ya dace da matsayinka, sai dai ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya sashen kuma yana nemo hanyar sauyawa daga wani salo zuwa wani, kuma shi ya fi amfani a wurina. Ana shiga 441, 531 da 423 kai tsaye daga salon giciye, amma salon kewaye, wato 51, wanda hannu ɗaya ke jefawa sama ɗayan yana miƙowa, ba ya shiguwa haka. Sai an jefa 4 guda ɗaya kafin a fara, kuma riƙewa ɗaya ta 2 tana mayar da kai giciye. Mutum zai iya gano wannan da hannunsa bayan faduwa mai yawa, amma samun sa a rubuce yana rage wahala. Manhajar tana kuma karɓar salon da hannuwa biyu ke jifa a lokaci guda, irin salon akwati, inda ƙwallaye biyu ke tashi a tsaye a gefe da gefe, ta ukun tana gudu a kwance tsakaninsu.

Yanzu ga inda ƙarfinta ya tsaya. Salon da ya fi shahara a cikin na ƙwallaye uku masu wuya shi ne Mills Mess, wanda ya ɗauki sunan Steve Mills, da ya fito da shi a shekarun 1970. A rubutun lambobi, sunan wannan salo 3 ne, daidai da giciyen da ɗan koyo ke yi a makonsa na farko, domin lambobin ba su san komai game da wurin da hannu yake ba. Duk abin da ya sa Mills Mess ya zama abin kallo yana cikin damatsa da ke harɗewa suna warwarewa suna sake harɗewa ta ɗaya ɓangaren, jifa uku suna bin hanya ɗaya, ɗaya daga cikinsu yana fitowa ta ƙarƙashin ɗaya hannun, sannan uku su koma. Haka ma Burke's Barrage 423 ne kawai a lamba, Rubenstein's Revenge kuma 52233, alhali abin da mai kallo ke gani shi ne hannu riƙe da ƙwallo yana zagaye da ita. A irin waɗannan salo lamba 2 ba hutu ba ce, ita ce lokacin da ake kai ƙwallo yawo.

Gaskiya ne manhajar ta yi ƙoƙarin cike wannan giɓi. Tana da zaɓin motsin hannu da aka riga aka shirya, har da na Mills, kuma tana ba ka dama ka rubuta wurin jifa da wurin cafewa da kanka a ma'aunin santimita. Ana iya jan linzamin kwamfuta a juya hoton a kalle shi ta baya, wanda ya fi amfani ga mai koyo fiye da kallon gaba da gaba, tun da hannunsa na dama ya zama daidai da naka na dama. Da wannan za ka gane jerin aikin, wato wane hannu ne a sama a kowane jifa. Amma damatsan mutum-mutumin layuka ne kawai, ba su da kauri, ba su da wuyan hannu mai juyawa, ba su da yatsu. Ba za su nuna maka yadda kafaɗa ke ɗan karkata don ba hannun ƙasa hanya ba, ko yadda ake sakin ƙwallo da tafin hannu yana kallon gefe, ko yadda gwani ke jinkirta wani jifa ya gaggauta wani domin salon ya yi ta gudana. Mills Mess ɗin da ke allo daidai yake a lissafi, amma a sandare yake, kuma wanda ya kwaikwaye shi shi kaɗai zai iya fitowa da salo mai tsinkewa a kowane juyi. Rubuta motsin hannu da kanka kuma aiki ne na mai haƙuri, domin layi ne na lambobi da baka da ɗigo, kuskure ɗaya yana sa hannu ya bi hanyar da ba a nufa ba.

Wani abin da ya kamata mai saukar da ita ya sani tun farko shi ne cewa ba malama ba ce. Ba ta raba salo zuwa darussa, ba za ta ce maka ka ajiye ƙwallo ɗaya ka fara da biyu ba, ba kuma za ta gaya maka cewa kafin Mills Mess ya kamata giciyenka na waje, wanda ake jefa ƙwallo ta saman wadda ke zuwa, ya zauna sosai. Ba ta ganin jifanka, don haka ba ta san kana tafiya gaba kana bin ƙwallaye ba. Ana iya kewaye wasu daga cikin waɗannan da dabara, domin lamba 0 tana ba ka damar cire ƙwallo daga salo ka ga abin da ya rage. Idan ka rubuta 501, ka samu 531 ba tare da ƙwallon tsakiya ba, kuma wannan atisaye ne mai kyau na ƙwallaye biyu da ke koyar da doguwar jifa da miƙawa tare. Amma sai ka san da wannan dabara kafin ka yi amfani da ita, manhajar ba za ta kawo maka ita ba.

Fuskarta ba ta da ado, cike take da akwatunan rubutu da Turanci, kuma wanda ya saba da manhajojin waya masu launi zai ga ta tsufa. Ni ban ɗauki wannan a matsayin aibi babba ba, tun da wuraren da mai ƙwallaye uku ke bukata ba su wuce kaɗan ba: wurin rubuta salo, wurin rage gudu, wurin launi, da wurin zaɓen motsin hannu. Tana iya ajiye salo a matsayin gajeren hoto mai motsi, wanda za ka tura wayarka ka riƙa dubawa a wurin atisaye ba sai ka tsaya gaban kwamfuta da ƙwallaye suna faɗowa kan madannai ba.

Wanda bai kai ga jefa giciye na minti ɗaya ba tare da faduwa ba, ban ga abin da zai tsinta a cikinta ba tukuna. Wanda kuma ya nufi 441, 531, salon kewaye da na akwati, ita kaɗai ta kusa isar masa, domin waɗannan salo ne na lokaci da tsayi. Ga mai neman Mills Mess da danginsa, shawarata ita ce ya buɗe ta domin ya haddace jerin jifa da hannun da ke sama a kowane bugu, sannan ya nemi bidiyon mutum na gaske da aka rage gudunsa, ko wani da ya iya ya tsaya a gefensa, domin ya ɗauki motsin damatsa da kafaɗa daga wurinsa.