Busasshiyar Jar Tsutsa ta Hikari: Shin Tana Sa wa Kifin Ado Cuta?

Duk wanda ya daɗe yana kiwon kifin ado a tankin gilashi ya san jayayyar da ake yi kan tsutsa: wasu na cewa babu abincin da ya kai ta sa kifi kuzari, wasu kuma na rantsuwa cewa ita ce ta kashe musu kifaye. Wannan jayayya ce ta sa na zaɓi yin nazarin busasshiyar jar tsutsa ta Hikari Bio-Pure, wadda kamfanin Kyorin na ƙasar Japan ke sarrafawa, kuma ake sayar da ita a ƙaramin gwangwani mai nauyin giram 12.

Tsoron da mutane ke yi yana da tushe, sai dai yawancinsa ya samo asali ne daga wata tsutsa dabam mai suna Tubifex, wadda ke rayuwa a cikin lakar kwata da magudanun ruwan da ƙazanta ta yi wa yawa. Idan aka kwaso ta da ranta aka zuba wa kifi, tana iya shigowa da ƙwayoyin cuta daga inda aka ɗebo ta. Ita ce kuma ke ɗauke da Myxobolus cerebralis, ƙwayar da ke sa kifi ya riƙa juyawa kamar mai hajijiya, kuma a shekarar 1984 ne masu bincike biyu a Amurka, Wolf da Markiw, suka bayyana yadda ƙwayar ke zagayawa tsakanin tsutsar da kifi. Amma wannan cuta ta dangin kifin salmon ce da ke ruwa mai sanyi, ba ta ƙananan kifayen ado irin su betta ko tetra ko gurami da muke ajiyewa a falo ba.

Abin da ke cikin gwangwanin Hikari kuwa 'ya'yan wani ƙwaro ne mai kama da sauro wanda ba ya cizo. Ana daskarar da su, sannan a zuƙe ruwan jikinsu a cikin na'ura, aikin da ke kashe tsutsotsin ciki da galibin ƙwarin da ke liƙe wa kifi, ko da yake busarwa kaɗai ba ta tabbatar da mutuwar kowace ƙwayar bakteriya. A wajena babban alfanunta shi ne ba ta buƙatar firiza. A garuruwanmu da wutar lantarki ke zuwa tana ɗaukewa, daskararriyar tsutsa takan narke ta sake daskarewa tun tana shagon mai sayarwa, kuma irin wannan ce ke lalacewa ta ɓata wa kifi ciki. Murfin gwangwanin ana murza shi ne ƙofa ta buɗe kaɗan, don haka mutum na iya kaɗa abin da yake so ba tare da ya tsoma yatsa ba.

Betta da tetra da nake kiwo suna rububinta, kuma ban ga alamar ciwo a jikinsu ba. Tana da nata naƙasun. Ba ta nutsewa da wuri, saboda haka kifayen da ke kiwo a ƙasan tanki ba sa samun rabo sai an jiƙa ta a ɗan ruwan tankin na 'yan mintuna, abin da kuma ke rage kumburin ciki ga kifi mai haɗama. Wadda ta yi saura tana ruɓewa ta ƙara sinadarin amoniya a ruwa, wanda ke ƙona gaɓoɓin numfashin kifi ya raunana shi, sai cuta ta samu ƙofa, mai tanki kuma ya ɗora wa tsutsa laifin da na yawan zubawa ne. Haka nan ba ta dace da kifayen mbuna na Tafkin Malawi ba, domin yawancinsu gansakuka suke ci, kuma abinci mai yawan furotin na da hannu a kumburin cikin da ke kashe su.

Haɗarin da aka fi mantawa da shi na mai ciyarwar ne. Sinadarin da ya sa tsutsar ta zama ja yana tayar wa wasu mutane ƙaiƙayi da atishawa, wani lokaci har da asma, musamman idan suka shaƙi ƙurar busasshiyar. A Sudan an daɗe da sanin cewa wani ɗan dangin wannan ƙwaro, wanda ake kira nimitti, yana tayar wa mazauna bakin Kogin Nilu asma a lokacin da ya yi yawa. Mai wannan lalura ya bar wa wani aikin zubawa, sauran kuma su wanke hannu.

Busasshiyar tsutsar tana da tsada idan aka kwatanta ta da abincin kifi na yau da kullum, kuma ba ta isa ta maye gurbinsa ba. Ina ganin ta cancanci kuɗinta ga mai ƙananan kifaye masu cin ƙwari wanda zai ba su ita sau biyu ko uku a mako, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti biyu.